Takalmin da Ya Ƙi Fita

A gidanmu na Haɗejiya, da an idar da sallar isha'i mukan kewaye murhun kakata Hajja Gambo, tana juya kifin fadama a kan garwashi. Marigayi mijinta baduku ne, saboda haka ta san asalin kowane takalmin fata. Huffi mai laushi kamar safa, in ji ta, mahajjata ne suka zo da shi daga gabas. Faɗe mai faɗin tafi na Buzayen Azbin ne, don kada rairayi ya haɗiye ƙafa. Dogon takalmi mai kaiwa gwiwa kuwa na mahayan Barno ne.

"Ga ta nan tafe, ku buɗe kunne," takan ce, sannan ta nuna ni. "Har da kai, maigidana mai kan ƙwarya, da ko gishiri ba ka taɓa kawo mini ba."

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta wani masunci ce mai suna Jatau. Wani attajiri ya so shi, ya ba shi kyautar dogon takalmin Barno, ya ce kullum yana son ganinsa a ciki. Jatau ba shi da doki, aikinsa a ruwa yake, sai ya shiga fadama da takalmin. Ashe fatar ba ta sha bagaruwa sosai ba wajen jima. Da rana ta busar da ita sai ta ƙanƙance, ta damƙe masa ƙwauri. Aka ja, aka shafa man shanu, a banza. Ƙafa ta fara kumbura. Baduku ya duba ya ce wuƙa ce kaɗai magani.

Nan Hajja takan maƙale murya irin ta Jatau: "In yanka kyautar maigida? Da wane ido zan dube shi?" Daga nan sai ta fara rufe garwashi da toka.

"Hajja, ya yanka?" nakan tambaya.

"Ƙafarsa ce, ba tawa ba. Ku tashi ku kwanta."

Wannan amsa takan fusata ni ƙwarai. A ganina zalunci ne a bar labari babu hukunci.

Yau ni ne mai kula da bayanan filaye a wani ofishi. Kawuna ne ya ɗauki nauyin karatuna, shi ne kuma ya samo mini kujerar. Yanzu yana so in shaida cewa wani burtali da ke wajen Kirikasamma gona ne tun fil azal, domin ya kewaye shi da waya. Na san ƙarya ne. Da idona na ga shanu suna bi ta nan zuwa mashaya tun ina yaro. Idan na ƙi, na yanke zumunci da mutumin da ya mai da ni mutum. Idan na yarda, makiyaya sun rasa hanyar ruwa da sa hannuna.

An ba ni zuwa ranar Litinin. Hajja ta daɗe da rasuwa, ko da tana raye ma na san amsarta. Ƙafar tawa ce, kuma ta fara kumbura.