Littafin Kurakuran Yaya

Ni ne na taɓa kwamfutar. Gara in faɗi wannan tun farko, tunda fiye da wata biyu na yi ina ɓoye shi.

Yayata, wadda nake bi, ɗaukar bidiyon biki take yi a unguwar New Bell, a Douala. Ɓangaren mata take ɗauka, lalle da kamu da wankan amarya, wuraren da ba a barin namiji ya shiga da kyamara. A aji uku na sakandare ta bar makaranta, kuma da kanta ta koyi montaj, wato yanka hotunan da haɗa su har su zama fim. Kwamfutarta a gidan Inna take, a ɗakina, saboda gidan mijinta can unguwar Village ruwa yana shiga da damina. Kullum da safe sai ta hau benskin, wato acaɓa, ta taho, ta yi aiki har la'asar.

Ni kuwa ina da takardar karatun kwamfuta, ba ni da aikin yi, sai baki da iyayi. In ta tashi sai in hau kujerarta in buga tseren mota. Wasan yana ɗan sarƙewa a kwana, abin yana ƙona mini rai. Wata ranar Lahadi, tana gidan biki, na shiga bayos, can inda ake saita cikin injin kafin ya tashi, na tura firosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, ya yi gudu fiye da yadda masu ƙera shi suka yanka masa. Lambar gudunsa, daga uku da rabi na kai ta huɗu da rabi. Na kunna wasa, mota ta tafi sumul. Har tafi na yi wa kaina, ni kaɗai a ɗaki.

Washegari da azahar Yaya ta kira ni. Ta gama haɗa fim ɗin wani suna, ta sa injin ya fitar da shi, yana tsakiyar aiki allo ya koma shuɗi, komai ya ɗauke.

"Auta, zo ka gani. Me na danna?"

Wallahi a take na gane. Wasana ba ya matsa wa firosesa, amma fitar da fim yana tatse shi gaba ɗaya na awa guda ko fi, ga zafin Douala a ƙarƙashin kwano. Na kuma san maganin, don an koya mana: ka mayar da komai yadda yake, in kana son ƙari ka hau kaɗan-kaɗan, kana gwadawa kana duba zafi. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ke ma Yaya kin cika danne-danne."

Ta ce, "To. Zan kiyaye."

Daga nan na zama likita. Ba na son in rasa gudun nan, ba na kuma son a san na taɓa, saboda haka sai na shiga neman wurin da injin zai tsaya ba tare da na sauka ƙasa ba. In ta tafi, in rage daga huɗu da rabi zuwa huɗu da ɗigo huɗu. Ya mutu. In ƙara wa firosesa ƙarfin wuta, sai ya daina shuɗin allo ya koma ɗaukar zafi yana kashe kansa. In rage wutar, shuɗin ya dawo. A gabanta kuma wani wasan nake yi. Na cire murfin gefe na kafa masa fankar Inna. Na je unguwar Akwa na sayo man da ake shafa wa firosesa don ya sha iska, na zare ram, ɗan allon da injin ke riƙe aiki a kai, na goge na mayar, na hure ƙura har ina atishawa. Na ɗora wa masu wutar lantarki laifi, na ɗora wa damina, na ɗora wa flash ɗin mutane. Ita kuwa tana tsaye tana riƙe mini tocilan tana cewa, "Sannu auta, Allah ya yi maka albarka."

Wani lokaci fim ya fita lafiya, musamman in da sanyin safiya ne ko ana ruwa. Wannan ne ya ƙara rikita ta. Da kullum yake mutuwa, da ta ce injin ne ya lalace. Tunda yau ya yi gobe ya ƙi, sai ta yanke cewa hannunta ne.

Aiki ya fara taruwa. Matan da ke kiranta suka fara ƙorafi. Mijinta mutumin kirki ne, amma dama can bai taɓa son zirga-zirgar benskin ɗin nan ba. Na ji shi a tsakar gida yana ce mata, cikin lallashi, "Aikin nan na masu boko ne, kin yi iyakar ƙoƙarinki. Ki sayar da kyamarar ki kama turaren wuta kamar sauran mata." Ina ɗaki ina jin su, na ƙara ƙarar rediyo.

Sai bikin 'yar wata Hajiya da ke bayan babban masallaci. 'Yan uwanta sun zo daga Kano, tana so su koma da fim ɗin a hannu. Kwana uku Yaya tana fama, sau biyar injin yana mutuwa. Rana ta huɗu Hajiya ta zo da kanta, ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina, ko takalmi ba ta cire ba.

"Haba 'yar nan! Baƙina sun tafi jiya. In ba ki iya ba, ai sai ki ce ba ki iya ba."

Yaya ta durƙusa har ƙasa. Mace mai 'ya'ya uku. Ta ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, laifina ne. Hannuna ne bai ƙware ba."

Ina tsaye a gefe da sukundireba a hannu. Hajiya ta dube ni ta ce, "Kai da ka yi karatun, ka riƙa nuna mata mana." Na ce, "Ana ƙoƙari, Hajiya." Har yau in na tuna wannan amsar sai in ji kamar in nutse.

Da Hajiya ta fita, Yaya ta ɗaura mayafi ta ce in Allah ya sa wannan ya fita, shi ke nan, ta bari. Ta tafi gida tun kafin la'asar. Na ja kujera zan zauna, sai na ga wani ƙaramin littafin 'yan makaranta a ƙarƙashin kibod, na buɗe.

Rubutunta ne, manya-manyan haruffa irin na wanda ba ya yawan rubutu.

"Talata, ƙarfe ɗaya da rabi. Na motsa linzami yana cikin aiki. Ya mutu. Kada in ƙara."

"Laraba, ƙarfe biyu. Ban taɓa komai ba. Wataƙila kiɗan ne na sa da yawa."

"Asabar, da safe. Ya fita. Ban san me na yi daidai ba."

Haka shafi bayan shafi, wata biyu, babu ranar da ta tsallake. Ko a makarantarmu ban ga wanda ya bi matsalar inji da tsari irin wannan ba. Duk mai ido zai ga cewa da zafin rana yake mutuwa, kuma a wurin fitar da fim. Amsar tana cikin littafinta, ita ce dai ba ta san akwai wata ƙofa da aka shiga aka taɓa ba. A shafin ƙarshe ta rubuta: "In sake tambayar auta. Amma kar in dame shi, yana wahala a kaina."

Na kashe injin na kunna, na shiga bayos, na danna wurin da ke mayar da komai yadda yake. Bai kai minti ɗaya ba. Na sa fim ɗin Hajiya, na zauna ina kallon layin yana cika har ƙarshe, fankar Inna ma a kashe.

Washegari da ta gani, guɗa ta yi. Ta faɗa wa Inna, ta faɗa wa mijinta, ta faɗa wa matan layinmu cewa ƙanenta ya gano cutar. Mako biyu injin bai yi ko tari ba, maganar sayar da kyamara ta mutu. Ranar wata Juma'a ta shigo da leda, ta ajiye mini shadda yadi biyar, ruwan toka, ta ce in ɗinka na Sallah.

Na kasa taɓa ledar. Na ce, "Yaya, zauna." Na faɗa mata komai, tun daga ranar Lahadin har tseren motar. Ina magana ina kallon siminti.

Na zata za ta yi faɗa, na ma so ta yi. Amma sai kawai ta ce, "Ranar da na durƙusa wa Hajiya, ka sani?"

Na ce, "Na sani."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗauko littafin daga ƙarƙashin kibod, ta ɗora shi a kan shaddar, ta turo mini duka biyun. Ta ce, "Riƙe. Ashe naka ne."

Ta yafe mini daga baya, har tana tsokanata da injiniyan tsere. Yanzu tana da shagonta da sabon inji, ban taɓa kusantarsa ba. Amma kwanan baya na leƙa na same ta ta sa fim yana fita. Ta janye hannuwanta biyu daga tebur ta ɗora a cinya, ta zauna cik ba ta ko motsi, kamar yadda ta koya wa kanta a watanni biyun nan. Na ce, "Yaya, ai ba komai in kin taɓa." Ta ce ta sani, amma ba ta ɗaga hannun ba sai da layin ya cika.