Kunnen Aron Baba Bitrus

Baba Bitrus Rewaya ya rasu.

Da safen nan ina ɗaura igiyar takalmi zan tafi makaranta, matarsa Maman Rahila ta kira ni. "Ticha, abokinka ya tafi." Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan. Na daɗe a zaune da takalmi ɗaya a ƙafa.

Duk wanda ya taɓa kai mota gyaran wuta a Muchia ya san shi. Dogon dattijo, rumfar kwano, sukundireba a aljihun gaba inda mu malamai muke sa biro.

Ni rediyo ce ta haɗa mu. Shekarar da na sayi 'yar Beljiyam ɗina, lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba, na ga rediyon da ta zo da ita ba ta dace da babban mutum irina ba. Na shiga kasuwar Sabon Gari na sayo mai cin CD, har da sababbin sifiku, mai shagon ya ɗaura mini nan take.

Garin neman gira na rasa ido. Ina tayar da mota sai wani siririn kuka ya taso daga sifiku, wiii, kamar sauro ya shige maka kunne. In na taka totur ya hau, in na saki ya sauko. Matata ta ce ita dai in mayar mata da tsohuwar, ko ba komai tana yin shiru in an kashe ta.

Aka ce in je wurin Bitrus.

Ya ƙi taɓa komai. Ya buɗe ƙofa ya zauna kusa da ni, ya rufe ido, ya ce, "Mu je Kwangila mu dawo." Ka'idarsa ke nan. Ba ya gyaran motar da bai shiga ya saurara ba.

A hanya umarni kawai yake bayarwa. "Taka. Saki. Rage murya gaba ɗaya. To, taka kuma." Da muka dawo ya zare wayar eriya, kukan bai tafi ba. Ya ce in kashe inji in bar rediyo, sai tsit.

"Rediyonka lafiya lau, Ticha. Kukan alternato ne, mai cajin batir, ya samu ƙofa ya shigo."

Ya kwance gaban mota ya nuna mini baƙar waya, wadda suke kira at, da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota. Mai shago ya laƙaba ta a wani noti mai fenti, ko matsewa bai yi ba. Baba ya kankare fentin har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya ɗaure ta tamau, ya raba wayar wuta da wayoyin sauti, kowace ta bi gefenta.

Muka sake zuwa Kwangila. Na taka totur har ƙasa, ban ji komai ba sai muryoyin zumuntar mata na coci suna waƙa a rediyo. Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ka gaya wa madam ta yafe maka."

Tun daga nan rumfarsa ta zama wurin zamana ranar Asabar. Rake ba ya yankewa a wurin, kuma bai yarda ka sha naka ka bar masa ɓawo a ƙasa ba. Lokacin da aka kwantar da ƙaramar 'yata a asibiti, shi ya fara zuwa, da kular kunun gyaɗa da Maman Rahila ta dama.

Yanzu zan faɗi abin da na daɗe ina riƙewa. Shi ya ba ni izini.

Shekarun baya ya yi wata doguwar jinya. Ya tashi, amma kunnensa bai tashi tare da shi ba. Magana yana ji in an ɗaga murya. Siririn kuka irin na sifika kuwa, wanda da shi yake ciyar da gidansa, ya ɓace masa ƙaf.

Wata Asabar na tarar da wani mai tasi yana zazzaga masa masifa, rabi Hausa rabi Turancin kasuwa, wai Baba ya ce an gyara alhali kuka na nan. Kuma gaskiyar mutumin ce, ina jin kukan tun daga bakin titi.

Da mutumin ya tafi Baba ya ja ni bayan rumfa. "Ticha, ba na ji. In maganar nan ta fita, babu mai sake kawo mini ko keke. Rahila ba ta gama makaranta ba." Ban taɓa ganin idonsa ya yi ja ba sai ranar, kuma ya ba ni tausayi ƙwarai.

Shi ya kawo dabarar. Duk motar da ke kukan rediyo sai ya ce a dawo Asabar. Mai mota na tuƙi, Baba na gaba ido a rufe yadda ya saba, ni ina baya a matsayin abokin hira, hannuna a kan kafaɗarsa. In kukan ya hau in matsa, in ya sauko in sassauta, in ya ɗauke in ɗage hannu.

Saura kuma aikinsa ne. Ni ko fis ban iya canzawa ba.

Wani lokaci abin yakan dame shi. Ya taɓa tambayata ko wannan ba ha'inci ba ne a gaban Allah. Na ce ni dai ban ga motar da ta fita rumfar nan tana kuka ba. Ya ce, "To, kunne aro ne, amma hannu nawa ne." Har yau ina juya maganar nan. Ban san ko mun yi daidai da muka ɓoye ba. Na san dai Rahila ta gama, yanzu tana koyarwa a Zabi.

Haɗuwarmu ta ƙarshe Asabar ɗin da ta wuce ce. Ya rame, kuma ko maganar ma ya daina ji. Babu aiki ranar, amma ya shiga motata ya ce mu je Kwangila.

Ya nuna rediyo, na kunna. Ya ce, "Wace waƙa matan nan suke yi?" Na faɗa da ƙarfi, bai ji ba. Sai na miƙa hannu ina buga masa kiɗan a kafaɗa da yatsu. Kafin mu kai gadar Kwangila ya gano ta. Ya kama rerawa da muryar nan tasa mai kaushi, su suna gaba, shi yana can baya, ko a jikinsa.

Da zai sauka ya riƙe ƙofa ya ce, "Ran da ba na nan, ka faɗa wa masu motoci maganar kunnen nan. Ban so in tafi da kayan mutane a ciki."

To, na faɗa, Baba. Wanda ya ga an ɓoye masa, ya yafe mana mu biyu.

Bayan wayar Maman Rahila na fita na tayar da mota a ƙofar gida. Rediyon nan ce har yanzu, ɗaurin nan ne na farko. Na taka totur, na sake takawa, ina kasa kunne. So nake in ji kukan ko da kaɗan ne, in samu dalilin zuwa Muchia. Babu. Aikinsa bai kwance ba.

Ubangiji ya karɓi bawansa Bitrus, ya ba shi hutu, ya buɗe masa kunne ya ji waƙar da ta fi wadda na buga masa a kafaɗa. Ya ta'azantar da Maman Rahila da yara.

Ku da ke karanta wannan, Kirista da Musulmi, musamman ku da ya taɓa zama a motarku ido a rufe, ina roƙonku ku sa iyalinsa a addu'a yau.