Ƙwan Ciyaman Da Ya Kwantar Da Ƙanena

Salamu alaikum jama'a. Ni ne Alhaji Buba mai kayan sola na Sabon Layi, nan Mubi. Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba. Jinyar ƙanena Sale nake yi, yaro mai hankali, kyakkyawa, wanda duk gidanmu babu kamarsa.

Masu bina sun san Ciyaman, ɗan koren guzan nan da na sayo daga Legas, mai zama a kan reshe. Hotonsa ya cika shafina. Na Sale kuwa ko ɗaya babu, ku duba ku gani.

Ciyaman yana da kejin gilashi da rassan itace a ciki. Yana da ƙwan fitila mai ɗumama masa jiki, ga batirinsa daban saboda ɗauke wuta. Safe da yamma ina fesa masa ruwa kamar mai guga. Da hantsaki nake ba shi abinci a baki, ina lallashi. Sale ke zuwa bakin mayo, wato kogi, kamo masa fara da gyare cikin rana. Idan ya dawo sai in ce, "Waɗannan sun yi ƙanana." Ko sannu.

Ran Juma'a kuma dafaffen ƙwai ake yanka wa Ciyaman.

Wata Juma'a Ciyaman ya lashi ƙwan, ya bi ta kansa da ƙafa, ya haye reshensa. Sale ya daɗe yana kallo. Ya ce a ransa, dabba na wulaƙanta abin da ɗan gida bai samu ba? Ya zura hannu ya cinye, ya koma ya ce mini Ciyaman yau ya ci sosai. Har na yi murna.

Washegari cikin Sale ya fara murɗawa. Sai gudawa. Sai amai. Zazzaɓi ya rufe shi har haƙoransa na haɗuwa. Dada, mahaifiyarmu, ta dafa masa ganye, ya dawo da shi. Aka ɗauka wasansa ne, tunda ya taɓa yin suman ƙarya don kada a aike shi garin Maiha. Sai da ya faɗi a ƙofar bayi aka yarda.

A asibiti aka rasa jijiya, jiki ya bushe. Aka huda nan, aka huda can, kafin ƙarin ruwa ya shiga. Aka ɗebi jini, aka ba da ɗan kwalba a kawo bayan gida. Kuɗin gwaji da na allurai ba wasa ba ne, kullum da sabuwar takardar magani.

Wata Sista 'yar Michika ta ce, "Yaro, me ka ci? Faɗa gaskiya, ba zan duka ba."

Da ta ji, ta riƙe baki. "Ƙwan kadangare? Kai da kadangare kwano ɗaya?"

Likita ya ce irin waɗannan dabbobi suna ɗauke da ƙwayar cuta a kashinsu, su ba ta damunsu, mutum take kayarwa. Ya ce da an ƙara jinkiri da ƙoda ta taɓu.

Sale ya ji tsoro. Ya karanta duk surar da ya haddace a allo. Abin da ya fi cin ransa, wai zai mutu a bar Ciyaman da fitilarsa.

Alhamdu lillahi, an sallame mu. Godiya ga Sista da likita da Dada da duk wanda ya kawo kunu. Shawarata: in kun taɓa dabbar nan ko kejinta, ku wanke hannu da sabulu. Kada a wanke kwanonta inda ake wanke na mutane. Gudawa ta haɗu da zazzaɓi, a tafi asibiti. Kuma mai ƙane ya riƙa saya masa ƙwai.

To, yanzu gaskiya. Ba Alhaji ba ne. Ni ne Sale. Hamma Buba, yayan nawa, yana wanka, ya bar wayarsa a caji.

Abu ɗaya ne ba zai taɓa rubutawa da kansa ba, shi ya sa na ɗauki wayar. Wata safiya a asibiti na farka na hango shi ta taga a bakin famfo, da shaddarsa, ya naɗe hannun riga yana wanke wandon da na ɓata. Yana wanki yana share ido da kafaɗa. Da ya shigo na ce, "Hamma, wa ya ba Ciyaman abinci?"

Ya tsaya yana kallona. Wallahi ya manta da shi.

Ya ce, "Rufe mini baki, ɓarawon ƙwai."

Har yanzu Ciyaman ke da fitila, ni ke kamo fara, kuma har yanzu ina jin haushinsa. Amma ɗazu na tsaya gaban gilashin na gaya masa ido da ido: kai an taɓa yi maka kuka?

Na ji ƙarar bokiti. Hamma, in ka karanta kada ka goge. Ka sa hotona.