Autar Mai Nono

Duk wanda ya san tashar Dutsi ya san Murjanatu mai nono. Shekara goma sha tara tana zama a gindin darbejiya ɗaya da ƙwaryarta, tana dama fura, tana faɗa da direbobin da ke tsokanarta wai ta tsuga ruwa. Ƙarya suke yi. Kindirmonta ko maƙiyi ya sha sai ya lashe ludayi.

To, ikon Allah, ita ce aka ba 'yar da ba ta shan nono. Autarta Zulfa, tun da aka yaye ta, ko ɗigon nonon shanu ya taɓa bakinta sai leɓe ya kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. In Murjanatu ta dawo daga tasha, sai ta yi wanka ta sake zani kafin ta ɗauki 'yarta. Abin yana cin ta, amma ta saba.

Bana Zulfa ta yi taifot, ta sha magani mai ƙarfi. Zazzaɓi ya tafi, ya bar mata zawo. Yarinya 'yar shekara uku ta rame, sai ido. Likita a Daura ya ce maganin ne ya kashe ƙwayoyin kirki na cikin hanji, irin waɗanda ke cikin kindirmo. Ya rubuta wani garin magani mai maido su, ya ja kunnenta: lallai sai wanda ba madara a cikinsa.

Nan wahala ta soma. Kemis bakwai ta shiga a Daura. Wani ya yi dariya ya ce, "Baiwar Allah, abin da kike tallansa kike nema?" Ƙanin mijinta Hamma ya sayo wani kwali a Kongolam, bakin iyakar Nijar, rubutunsa duk Faransanci. Ta kai wa Malam Amadu tela, wanda ya yi makaranta a Damagaram. Ya gyara tabarau, ya bi layi da yatsa, ya ce, "Akwai madara." Ta yi masa godiya ta fito. Ko kuka ba ta da ƙarfin yi.

A gida kuwa surukarta kullum waƙa ɗaya: jikar makiyayi a hana ta nono, ina aka taɓa?

Daga ƙarshe wata mai kemis a Katsina ta sa aka kawo mata daga Kano. Ran da ya iso, Murjanatu ta bar Zulfa wurin tsohuwar, ta yi sammako zuwa Katsina. Sau biyu ta sa matar ta karanta mata kwalin. Ba madara. Ta ƙulle shi a bakin zani, har ta yi gyangyaɗi a mota.

Da la'asar ta shigo gida, ta tarar da Zulfa zaune a tabarma, leɓenta suntum, tana jan numfashi kamar mai shaƙewa.

"Inna, me aka ba ta?"

Tsohuwar tana murza hannu, idonta cike da ƙwalla. "Nono ne, cokali ɗaya tak, 'yar nan. Kuka take yi. Na kasa kallonta."

Murjanatu ta yi kan Zulfa. Ta saɓa yarinyar a baya, ta koma bakin titin da ta sauka yanzun nan, ta soma ɗaga wa motocin Daura hannu.