Damin da Muka Daina Kaiwa

Lokacin da aka fara raɗe-raɗin Nasara za su tafi, ni saurayi ne, gemu bai tsiro ba amma baki ya riga ya buɗe. Duk ranar kasuwar Buza sai in komo ƙauyenmu da labari. Wai manyanmu sun hau jirgi zuwa Faransi, ana ta zaman sasantawa: wa zai riƙe soja, wa zai riƙe baitulmali, tutar wa za ta tashi a ƙofar kumandan, baturen mulki. Babana yakan saurara yana tufkar igiya. Shi abin da ya dame shi bai wuce gonarmu ta bakin kwari ba, da dami guda na hatsi.

Tun zamanin kakanni Abzinawa ke mulkin ƙauyukanmu. Zuwan Nasara ya karya mulkin, amma bai karya al'ada ba. Kowace kaka, bayan an kwashe amfani, wani dattijon Ba'abzine, jikan waɗanda suka mulki kakanninmu, yakan sauka a gonarmu da raƙumansa da awakinsa. Dabbobi su ci kara, su bar mana taki. Shi ya aiko da cuku da gishiri. Mu kuma mu ɗauki dami a ka, mu kai har bakin bukkarsa ta fata, mu sauke, mu tsuguna mu gaishe shi. Kakana ya kai, babana ya kai, da wuyansa ya fara ciwo aikin ya faɗo kaina. Nauyin damin bai taɓa damuna ba. Tsugunon ne nake ji har cikin ƙashi, musamman da yake ɗan dattijon, tsarana, yana tsaye a gefe yana kallona ta saman rawani.

Abin mamaki, babana da dattijon nan abokai ne. In an gama da zancen dami, sai su wuni a gindin gawo suna shan shayi. Dattijon ya ce manomi da gara uwarsu ɗaya, kullum baki a ƙasa. Babana ya ce wanda gidansa ke bisa raƙumi ba shi da bakin zagin mai rumbu. Ban taɓa jin babana yana dariya da kowa kamar yadda yake yi da shi ba.

A kakar shekarar nan babana ya yanke shawara. Ya ce in ƙasa za ta samu mulkin kai, to gona ma ta samu. Ya aike ni zango in ce dami yana nan, har biyu ma, amma dattijo ya zo ƙofar rumbu ya karɓa, kamar yadda baƙo ke karɓar kyautar mai masauki. Na tafi ina taƙama kamar ni zan ɗaga tuta.

Babban mutum a cikin Abzinawa ba ya ciniki da bakinsa. Sai ya turo maƙerinsa, wani ɗan tsamurmurin mutum mai zaƙin baki, wanda shi ne manzonsa a kowace magana. Maƙerin ya ce maigidansa ba ya son biyu, ko zangarniya guda ta ishe shi, amma a kai masa. Daga nan fa aka shiga kai da komo. Aka ce a ɗora damin a kan jaki, kada kowa ya ɗauka a ka. Babana ya yarda, in dai ba tsuguno. Dattijo ya yafe tsuguno, amma ya ce lalle ɗan gida ne zai kora jakin. Babana ya ce ai an koma gidan jiya ke nan. Ina jin waɗanda suka je Faransi ba su zubar da gumin da maƙerin nan ya zubar ba, har takalminsa ya tsinke.

Daga baya ya kawo dabarar da ta kusa ci. Akwai rijiya tsakanin ƙauye da zango, ya ce a haɗu a can, ba wanda ya je wurin wani. Kowa ya amince. Sai aka zo kan wa zai fara isa, domin wanda ya zauna jira shi ne ƙarami. Yau in na tuna nakan yi dariya. A kan wannan magana ta watse.

Babana ya dubi maƙerin ya ce, “Hwaɗa mai, gonag ga tawa ta, ba aro aka ba ni ba. In shina son hatsi, ya san ƙohwa.”

Da gari ya waye babu bukka, babu raƙumi, sai duwatsun murhu da toka. Damina na zagayowa aka ce an samu mulkin kai. Na je Buza na sha rawa, babana yana gona yana maimai.

Ba su ƙara sauka ba. Gona ta rasa taki, zangarniya ta riƙa ƙanƙancewa. Babana bai taɓa kuka da wannan ba, amma duk kaka sai in ga ya tsaya yana duban hanyar arewa, in na yi magana ya ce hadari yake dubawa. Hadari a kaka! Da labarin rasuwar dattijon ya zo, daga can bayan Keita, na ce mu je gaisuwa. Ya ce ƙafa ke masa ciwo. Na san ba ƙafa ba ce, a ganinsa ko gaisuwar mutuwa ma zuwa ne wurinsu. Har gobe ina ganin babana ke da gaskiya, mutum ba ya tsuguno a gonar ubansa. Sai dai gaskiyar ba ta taɓa dafa masa shayi ba, kuma ina baƙin cikin yadda ya tsufa ba abokin tsokana.

Shekaru suka wuce, na yi iyali, sai babban fari ya zo. Wata rana da hantsi wani dogon mutum ya yi sallama a ƙofar gidanmu, a ƙasa yake, rawaninsa ya koɗe, ba abin da ke hannunsa sai salka. Ɗan dattijon ne. Ya ce dabbobi sun ƙare kaf, yara suna can bakin hanya ba su sa komai a baki ba. Kafin a shimfiɗa masa tabarma ya tsuguna a gaban babana.

Na daɗe ina tsammanin in wannan rana ta zo za ta yi mini daɗi. Wallahi kunya ce ta rufe ni. Babana ya yi wuf ya kama hannunsa ya tashe shi. Ya sa na buɗe rumbu na ɗebo daga ɗan abin da ya rage mana, na raka baƙon da hatsin har bayan gari.

Da na komo na tarar babana a ɗaki, an ajiye masa fura bai taɓa ba. Na zauna a bakin ƙofa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Ba haka nis so su zo ba.”