Injin Mansir da Rediyon Maimuna

Duk unguwar Gwallaga an san Maimuna mai awara. Ba ta da faɗa, amma ba ta mantuwa, ni kuwa irin wannan mutum na fi tsoro.

Shekarar korona 'yarta Saudatu tana ajin ƙarshe na sakandare. Aka rufe makarantu, darasi ya koma gidan rediyo. Su ba su da babbar waya, sai wata tsohuwar rediyo da aka ɗaure bayanta da roba. Da hantsi ake yin lissafi, kuma malamin rediyo ba a ce masa ya maimaita.

Jikin katangarsu Mansir ya kafa injin markaɗe. Malami na cewa "ku rubuta", injin zai ɗauka, har kwanuka na rawa. Saudatu ta manna rediyo a kunne, ta shige ƙuryar ɗaki, duk a banza.

Maimuna ta yafa mayafi ta same shi. "Malam Mansir, don Allah ka riƙa dakatawa har a gama darasin nan. Jarrabawa ce a gabanta."

Ko rage injin bai yi ba. "Maman Saudatu, waken da aka jiƙa ba ya jiran boko. Ta tafi can dam ɗin Gubi ta saurara!" Masu jiran markaɗe suka kwashe da dariya.

Sakamako ya fito, lissafi ya kayar da Saudatu. Yarinya ta yi kuka har idonta ya kumbura. 

Mansir ya manta cewa yawancin masu awara da ƙosai a unguwar a hannun Maimuna suka koyi sana'a. Gida-gida ta bi su. Ba ta zage shi ba, maganarsa kawai ta maimaita musu. Sai bokitan wake suka fara wucewa ta gabansa zuwa injin Obadiya, can bakin titi, duk da nisansa.

Da abin ya ishe shi, ya aiko matarsa ban haƙuri. Maimuna ta ce, "Ki gaya masa waken da aka jiƙa ba ya jiran ban haƙuri." Wallahi na ji daɗi, har yau ina jin daɗi.

Yanzu injin ya yi tsatsa, an rufa masa buhu. Kullum da hantsi Maimuna takan ɗora rediyon a kan katanga ta ƙure murya, don Mansir ya ji daga inda yake zaune ba aiki. Tar ake jin komai. Sai dai an daɗe da daina darasin, Saudatu kuwa tana bakin kasko tana juya awara.