Almakashin Baba

Babanmu tela ne, kuma bahago. Shekara talatin da ɗoriya yana ɗinki a shago ɗaya mai faɗin tabarma biyu, keke a bakin ƙofa, teburin yanka daga ciki. Almakashinsa na hagu ne, maigidan da ya koya masa sana'a ya bar masa. Ko Inna ba ta taɓa shi. In wani ya ɗauka zai yanke zare, sai Baba ya ce, "Ajiye, ba sa'anka ba ne."

Baba bai san wani abu wai shi hutu ba. Ni na matsa, da na fara aikin koyarwa, na ce sai mun je birni mu huɗu: shi da Inna da ni da Auta, ƙanwata. Ya yarda ne kawai don an ce masa akwai mai wasa almakashi a can da ya iya gyaran na hagu. Ni kuwa da na yi karatun shekara uku a birnin, tun a mota na buɗe wa'azi: ku riƙe jaka ta gaba, kar ku tsaya kallon benaye. Auta ta ce, "Yaya, ki rage mana kunnen da za mu shiga gari da shi."

Kashegari muka je gidan namun daji. Masu gadi na laluben maza a ƙofa. Na tuna almakashin da ke aljihun Baba naɗe cikin ƙyalle, na hango yadda za a zaro shi gaban jama'a, kunya ta kama ni. Na ce ya kawo in sa a jakata. Wajen kallon giwa aka yi cunkoso. Da muka fito na ji jakar ba nauyi. An tsaga gindinta da reza, an kwashe abin da ke ciki.

Na manne tsagar a jikina, na yi gum. Mai wa'azi ce aka yi wa sata.

Da la'asar a masauki Baba ya ce, "Uwata, kawo almakashin, gobe zan kai wa mai wasa."

Na ce, "Ai na ba ka, Baba, tun da muka fito."

Ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu. Ya dube ni, ya sake shafawa. "Kin ba ni?"

"A hannunka na sa maka."

Bai yi musu ba. Bai taɓa kama ni da ƙarya ba, sai ya ƙaryata kansa.

Muka koma gida. Ya sayi almakashin dama, ya koyi yanka da shi yana da shekara sittin, babban yatsansa ya yi kanta. Aiki ya ci gaba, amma mutumin ya canja. Baban da ke kallon kafaɗa ya faɗi awonta ya koma auna riga sau uku. In ya kulle shago sai ya dawo daga rabin hanya ya ja kwaɗon. Wata rana na ji yana ce wa Inna ƙasa-ƙasa, "In kin ga na fara ruɗewa ki faɗa mini, kar in ɓata wa mutane yadi." Ina tsaye bayan labule, na ji na tsani kaina, duk da haka ban fito ba.

Sai da aka yi wata bakwai na same shi a shago, na durƙusa gefen keke na faɗa masa komai. Na jira faɗa.

Ya tsayar da ƙafarsa a kan keken. Ya juyo ya dube ni.

"Wato ba ki ba ni ba?"

"Ban ba ka ba, Baba."

Ya cire tabarau ya share ido da bayan hannu. "Alhamdu lillahi," ya ce. "Ashe kaina lafiya yake. Uwata, wata bakwai ke nan kullum in na idar da salla sai na jera sunayenku ɗaya bayan ɗaya, in ga ko akwai wanda ya ɓace mini."